Rangadin ɗaukar hoto a Tromso: aikin dare ya gamsar, aikin rana yana da gyara

Kamfanonin yawon buɗe ido da ke birnin Tromso, a arewacin ƙasar Norwe, suna sayar da wani rangadi na mako guda da aka tsara musamman domin masu ɗaukar hoto, inda ake haɗa bin sawun hasken aurora, wato haske mai launuka da yake rawa a sararin samaniyar ƙuryar arewa, da daddare da fita neman namun daji da rana, a kan farashi guda wanda ya ƙunshi masauki da mota da jagora da kayan sanyi. Na bi ɗaya daga cikinsu a watan Disamba, kuma abin da na dawo da shi a raina shi ne, a ɓangaren dare kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ɓangaren rana an tallata shi fiye da abin da yanayin wannan wata zai iya bayarwa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe duk sun shafi yadda ake tsara irin wannan rangadi ne, kuma mai niyyar zuwa zai fi amfana idan ya san abin da zai tambaya kafin ya biya ko wane kamfani ya zaɓa.

Tromso yana wajen kilomita 350 arewa da layin da ake kira Da'irar Aktik, a kan wani tsibiri da duwatsu da mashigan teku suka kewaye. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam. Abin da ake samu shi ne wani shuɗin haske mai kama da na bayan asuba, wanda yake farawa da hantsi ya ɓace kafin la'asar. Garin yana ƙarƙashin zoben da hasken aurora ya fi yawan bayyana a cikinsa, shi ya sa ko a daren da iskar da ke fitowa daga rana ba ta da ƙarfi, ana iya ganin hasken muddin sama ta washe. Sanyin bakin teku bai kai yadda mutum zai zata ba, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika yana tausasa shi, har matsakaicin yanayin Janairu yakan tsaya wajen digiri 4 ƙasa da sifili. Sai dai wannan ruwan ɗumin shi ne kuma yake tara gajimare a kan garin, kuma gajimare shi ne babban abokin gabar mai neman aurora.

A nan ne darajar jagoranmu ta fito, kuma a ganina shi ne ainihin abin da mutum yake biya wa kuɗi. Kowace yamma, kafin a tayar da mota, yakan buɗe taswirar gajimare ta Yr, wato shafin hasashen yanayi na hukumar yanayin Norwe da gidan rediyo da talabijin na ƙasar, ya nuna mana inda ake sa ran sama za ta buɗe da ƙarfe nawa, sannan ya faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan. Idan iska ta kaɗo daga cikin ƙasa, sai mu nufi yamma, tsibirin Kvaloya, mu tsaya a Ersfjordbotn ko mu zarce zuwa Sommaroy inda farin yashi da ƙananan tsibirai suke ba hoto fasali. Idan kuwa hadari ya taso daga teku, sai mu kama babbar hanyar E8 zuwa gabas, mu wuce Skibotn, wanda duwatsun Lyngen suke tare masa ruwa har ya zama ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a yankin, wani lokaci mu haura har Kilpisjarvi a cikin ƙasar Finlan, tafiyar kilomita 160 ko makamancin haka. A can sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, kuma ba a dawowa masauki sai goshin asuba. Ban taɓa ganin ya yi ƙyashin mai ko ya duba agogo domin ya gajarta dare ba, kuma duk wanda ya san tsadar man fetur da ta lokacin ma'aikaci a Norwe zai gane cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na kuma yaba da gaskiyarsa game da abin da ido zai gani. Tun daren farko ya gaya mana cewa aurora mai rauni takan bayyana ga ido kamar siririn farin gajimare ne, kyamara ce take fito da korenta saboda tana tara haske na daƙiƙoƙi, kuma ya roƙe mu kada mu riƙa auna darenmu da hotunan da ke yawo a Instagram. Bayaninsa na kimiyya gajere ne amma tsaf. Rana tana fesa ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya yana karkata su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su kuma suna karo da iskar da ke can sama sai ta yi haske. Kore daga iskar oksijin yake fitowa a nisan kilomita 100 zuwa 150, ja daga oksijin ɗin ne amma sama da kilomita 200, shi kuwa ruwan hoda da shuɗin da ake gani a gefen ƙasa na labulen hasken daga naitirojin yake. Wani masanin Norwe, Kristian Birkeland, shi ne ya kafa harsashin wannan bayani a farkon ƙarni na 20, har ƙasar ta taɓa sanya hotonsa a takardar kuɗi ta krona 200. Jagoran ya hana mu dogara da ma'aunin Kp, wato ma'aunin girgizar maganaɗisun duniya da ake hasashen aurora da shi, wanda manhajojin waya suke nunawa daga 0 zuwa 9, domin a Tromso ko 2 ya isa. Abin da yake sa wa ido shi ne bayanan tauraron ɗan'adam da ke nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, wanda yake ba da labarin iskar rana kimanin rabin awa zuwa awa guda kafin ta iso. Ya kuma tunatar da mu cewa ƙarfin rana yana hawa da sauka a zagayen shekara 11, kuma a watan Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka, masu binciken sararin samaniya da yanayi, suka sanar cewa zagayen da ake ciki ya kai ƙololuwarsa, saboda haka shekarun da ke kusa da wannan ƙololuwa suna daga cikin masu kyau.

Koyarwar da ake yi a fili ma ta yi armashi. Akwai daren da muka tsaya a bakin wani daskararren tafki kusa da iyakar Finlan, sama wasai, amma ba komai sai wani baka mai dusashewa a arewa wanda ya daɗe bai motsa ba. Jagoran ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da jar fitilarsa ta goshi, yana duba ko kowa ya kashe fokas na atomatik ya saita shi da hannu a kan tauraro mai haske, ko ƙafafun mariƙin kyamara sun nutse har sun taɓa ƙasa mai tauri a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ko kowa yana ɗauka a tsarin RAW, wanda yake adana dukkan bayanan hoto domin gyara daga baya. Mun fara da buɗin gilashin kyamara na f/2.8, da ISO 1600, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, da daƙiƙa 10 na tara haske. Can wajen sha ɗayan dare bakan ya tsage, ya zama labule mai ninki-ninki yana gudu daga gabas zuwa yamma, gefensa na ƙasa yana walƙiya da ruwan hoda, har dusar ƙanƙarar da muke tsaye a kai ta koma koriya. Nan take ya ɗaga murya ya ce kowa ya rage lokaci zuwa daƙiƙa 2 ya ɗaga ISO, domin labule mai gudu idan aka bar masa daƙiƙa 10 sai ya narke ya zama koren shafe marar siffa. Wannan umarni na daƙiƙar da ta dace shi ne ya raba hoton da zan iya bugawa babba da hoton da zan goge. Bayan haka ya ce mu ɗaga kai daga kyamara mu kalla da idonmu, kuma na gode masa da wannan, domin abin da na gani ya sa bakina bai iya furta komai ba sai tasbihi.

Kayan da kamfanin ya bayar masu kyau ne. Rigar sanyi ce mai haɗe da wando da ake sakawa a kan tufafi, da takalma masu kauri, da ƙananan jakunkunan ɗumama hannu, da mariƙin kyamara mai ƙafa uku ga wanda bai zo da nasa ba. Mariƙan nasu na aro masu nauyi ne, ba sa rawa a iska, ko da yake makullan wasu sun fara taurin kai saboda sanyi. An gargaɗe mu tun kafin tafiya cewa sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci, don haka a zo da ƙari a riƙa ajiye su a aljihun ciki kusa da jiki, kuma a tuna cewa kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka batiran litiyam a cikin kayan da ake aunawa, sai a jakar hannu. An kuma raba mana ledoji masu zif domin a rufe kyamara a ciki kafin a shiga ɗaki mai ɗumi, in ba haka ba raɓa za ta taru a cikin gilashin ta hana aiki na sa'o'i. Mu takwas ne a ƙaramar bas, adadin da ya ba kowa wurin kafa kyamara ba tare da fitilar wani ta ɓata hoton wani ba, kuma ina ganin duk rangadin da ya wuce mutum goma ya daina zama na masu ɗaukar hoto.

Matsalar tana ɓangaren namun daji, kuma tushenta ɗaya ne: duhun da yake taimakon aurora shi ne yake cutar hoton dabba. Takardar tallan kamfanin cike take da hotunan mikiya tana wartar kifi cikin hasken rana mai ruwan zinariya, har da tsuntsun fafin mai baki kala-kala, alhali wannan tsuntsu yana can tsakiyar teku duk lokacin sanyi, ba ya zuwa gaɓa sai bazara. Babu inda aka rubuta cewa waɗannan hotuna na wani lokaci ne dabam. Wannan ba daidai ba ne, kuma na faɗa wa ma'aikatan ofishinsu haka kafin in taho.

Fitar kallon kifayen wel ita ce babbar ranar ɓangaren. Daga Nuwamba zuwa Janairu garken kifin shawa, irin wanda ake kawo mana a daskare a kasuwanninmu, yana shigowa mashigan tekun arewacin Norwe, su kuma orka, wato wel mai haƙora mai launin baƙi da fari, da manyan wel masu doro suna biyo shi. A shekarun baya suna zuwa har kusa da Tromso, amma daga wajen 2017 suka koma yankin Skjervoy, wanda yake buƙatar tafiyar kusan awa huɗu a mota. Mun tashi cikin duhu bayan mun kwana a waje muna bin aurora, muka isa a gajiye, aka saka mu a ƙaramin kwalekwalen roba mai gudu. Dabbobin kam mun gan su, kuma kusa: wani namijin orka ya ratsa gefenmu da doguwar ƙayar bayansa a tsaye, ƙarar numfashinsa tana tashi a kan ruwa, sannan wel mai doro ya ɗaga faffaɗar wutsiyarsa ya nutse. Ga mai kallo wannan ya wadatar. Ga mai ɗaukar hoto kuwa, hasken da ya isa aiki bai fi awa biyu ba, kwalekwale yana tangaɗi, ruwan gishiri yana fantsama a gilashi, kuma domin a tsayar da motsin dabba dole a yi saurin ɗauka da bai gaza 1/500 na daƙiƙa ba, abin da yake tura ISO zuwa 6400 ko sama. Wanda ya zo da dogon gilashi mai ƙaramin buɗi, kamar yadda takardar shirye-shiryen kamfanin ta ba da shawara, ya koma da hotuna masu duhu da yashi-yashi. Da an gaya mana gaskiya, da gilashi matsakaicin tsawo mai babban buɗi, irin 70-200 mai f/2.8, kowa zai ɗauko. Abin da ya ƙara damuna shi ne jagoranmu na dare bai shiga kwalekwalen ba, an miƙa mu ne ga wani kamfani dabam wanda direbansa ya ƙware a teku amma ba ruwansa da inda haske yake faɗowa, kuma jiragen da suka yi cincirindo a kan garke guda sun yi yawan da ya sa na ji tausayin dabbobin.

Ranar barewar rendiya ma ba abin da aka kira ta ba ce. A wannan yanki na Norwe rendiya ba naman daji ba ce, dukiyar makiyayan Sami ce, wato al'ummar asali ta wannan yanki, kowace tana da tsagar mai ita a kunne kamar yadda Fulani suke yi wa shanunsu shaida. An kai mu wani sansani ne mai shinge inda baƙi suke riƙe bokiti suna ciyar da su. Zaman da muka yi a cikin lavvu, tantin gargajiya na Sami, muna sauraron wani makiyayi yana bayanin yadda ruwan sama a tsakiyar sanyi yake daskarewa a kan ciyawar da dabbobin suke tonowa, har sai an sayo musu abinci, ya fi mini komai amfani a wannan rana, kuma ina girmama mutanen da suka karɓe mu. Laifin na kamfani ne da ya jera wannan ziyara a ƙarƙashin hoton namun daji. Hotunan rendiya mafi kyau da na samu a gefen hanyar Kvaloya na ɗauke su, inda muka ci karo da wasu suna kiwo a sake a bakin teku. Mikiya mai farar wutsiya, wadda faɗin fikafikanta yake haura mita biyu, mun hange ta sau da yawa a kan duwatsu, amma kullum daga nesa kuma cikin hasken da bai isa ba.

Akwai kuma darasin gyaran hoto a kwamfuta da aka yi alkawari, wanda aka matse shi a yammaci guda lokacin da rabin mutane suke gyangyaɗi. Jadawalin gaba ɗaya bai bar wurin barci ba, kuma mutumin da bai yi barci ba ba ya ɗaukar hoto mai kyau.

Game da abinci da ibada, waɗanda na san su ne farkon abin da yawancin masu karatu za su tambaya, kamfanin ya kyauta. Na rubuta musu tun kafin tafiya cewa ba na cin naman alade ko naman da ba a yanka ba, kuma ba su manta ba ko sau ɗaya. A daren da ake gasa tsiran Turawa a bakin wuta, ni miyar kifi mai zafi ake ba ni, a masauki kuma kifin kod da salmon ba sa yankewa. Wannan kod ɗin shi ne ake shanyawa a kan katakai a gaɓar arewacin Norwe ya zama busasshen kifin da ake kira okporoko, wanda Nijeriya take cikin manyan masu sayensa. A tsakiyar Tromso akwai masallacin Alnor, inda na samu jam'i na kuma karɓi jadawalin salla, domin a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa jama'ar wurin suna bin lokutan Makka ne. Jagoran yakan tsaya mini a gidan mai idan lokaci ya yi ba tare da na maimaita roƙo ba. Shawarata ita ce mutum ya yi alwala a masauki ya saka huffi, domin cire takalmi a digiri 20 ƙasa da sifili yana da haɗari ga yatsu.

Tafiyar tana da tsada, kuma farashin rangadin bai haɗa da jirgi da biza ba. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta rukunin ƙasashen Turai da suka haɗa da Norwe da Finlan, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, tare da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma bizar ita ce take ba shi damar tsallakawa Finlan, don haka fasfo ya kasance a aljihu kowane dare. Kamfanin ya aiko mini da takardar shaidar biya da jadawalin tafiya cikin kwana biyu, abin da ya sauƙaƙa neman bizar, amma sharaɗinsu na mayar da kuɗi bai ambaci wanda aka hana biza ba, sai da na nemi su rubuta mini matsayinsu a fili kafin in tura kuɗin kafin alƙalami. Daga Oslo zuwa Tromso tafiyar kusan awa biyu ce a jirgi, kuma a can kusan komai da kati ake biya, har kofin shayi, saboda haka a tabbatar katin banki yana aiki a waje kafin a bar gida.

Wanda burinsa aurora ne kaɗai zai iya kama ɗaki a cikin gari ya riƙa sayen fitar dare guda-guda, wadda galibi take kamawa daga krona 1,500 zuwa 2,500, ya zaɓi dararen da hasashe ya yi kyau, kuma zai kashe ƙasa da abin da na kashe. Abin da zai rasa shi ne jagora guda da ya san kyamararsa da rauninsa yana binsa dare bayan dare. Wanda kuma yake son dabbobi da aurora tare, sai ya zaɓa tsakanin wata biyu. Farkon Nuwamba yana ba da wel tare da sauran hasken rana, idan garken shawa ya iso da wuri. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris yana ba da yini mai tsawo da rana mai kwantawa a kan duwatsu da dare mai isasshen duhu, mikiya da agwagin teku suna samuwa cikin haske mai kyau, amma wel sun riga sun tafi. Kafin biya, a nemi kamfani ya nuna hotunan da baƙinsa suka ɗauka a ainihin watan da za a je, a tambaya ko jagoran hoto zai shiga kwalekwale da kansa, a kuma nemi a raba ranar Skjervoy da daren tafiya mai nisa.